Ranar da Na Yi wa Baba Tafinta

Tankar ruwa Baba yake tuƙawa a Doha, irin wadda ke bin titi a hankali tana shayar da itatuwan da aka dasa a tsakiyar hanya. Albashin ba wani na a zo a gani ba ne, amma aikin gwamnati ne. Muddin gwamnati ce kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa, kuma sunanta ne a kan ikamarsa, katin izinin zama a ƙasar, 'ya'yansa na iya shiga makarantar gwamnati su zauna tare da 'ya'yan 'yan ƙasa. Ban san cewa karatunmu gaba ɗaya a kan wannan yake rataye ba sai da na kai shekara goma sha huɗu.

A unguwar Mansura muke zaune, a bene na biyu, cikin gidan da muka raba da wasu mutanen Kumasi. An tsaga falon da katako, su can mu nan, kicin kuma ɗaya. Matar maƙwabcin namu, Hajiya, ba ta haihu ba, sai ta ɗauke mu ni da ƙanwata kamar nata. Mijinta gadi yake yi a wani kanti, yana kuma jin labarin kowane Bahaushe da ke garin kafin mai labarin ya gama kwance takalmi.

A shekarun nan ne aka fara buɗe sababbin makarantu da ake kira mustaƙilla. Gwamnati ke biya, amma kowace da shugabarta da tsarinta, kuma ba dole ne sai ta unguwarku za ki shiga ba. Akwai wata ta 'yan mata da ta ba da ƙarfi ga kimiyya, ana koyar da lissafi da kimiyya da Turanci, sai an ci jarrabawa ake shiga. Umma ta yi koyarwa a firamare a Funtuwa kafin ta biyo Baba, don haka tun muna ƙanana take zaunar da mu a kan tabarma tana koya mana Turanci. Larabci kuwa a makaranta da bakin titi muka tsince shi. Muka rubuta jarrabawar, muka ci mu biyu, ni aji biyu na ƙaramar sakandare, ƙanwata aji ɗaya.

Ina son makarantar nan. Akwai ɗakin gwaje-gwaje mai famfo a kan kowane tebur, ga farar riga da ake ba kowace yarinya da lambarta a wuya. A tsohuwar makarantarmu bakin fata ne kawai abin da aka san mu da shi. A nan kuwa yaran da ake kawowa a manyan motoci su ne ke matsowa kusa da ni su ce in fassara musu tambayar da malama ta rubuta a allo.

Wajen ƙarshen shekarar karatu, da zafi ya fara shigowa, Baba ya canza. Ya daina zama ya sha shayi da mu da asuba. In ya dawo sai mu ji takunsa ya tsaya a matakala na ɗan lokaci kafin ya buɗe ƙofa. Wata rana na fita zubar da shara na same shi a wurin yana cire wata rigar aiki mai ruwan lemo yana cusa ta a leda. Rigar da na san shi da ita mai ruwan toka ce. Ya dube ni, na dube shi.

"Wuce ki zubar," ya ce.

Hajiya ce ta fasa maganar, ba da niyya ba. Ina yanka mata albasa a kicin, Umma na wanke shinkafa, sai ta ce, "To yanzu da aka miƙa tankokin ga kamfani, yaran nan fa? Maigidana ya ce duk direbobin an canza musu kafil."

Umma ba ta juyo ba. Ta bar ruwa yana zuba a kan shinkafar har ya cika ya fara malala. Daga yadda ta yi shiru na gane ta sani, ni ce kawai ba a so in ji.

Ba a daɗe ba makaranta ta ce kowace ɗaliba ta kawo ikamar mahaifinta don rajistar shekara mai zuwa. Muka kai. Aka kira sunayen yara aji-aji ana cewa an kammala tasu, ba a kira namu ba. Daga baya sakatariya ta tare ni a baranda ta ce shugaba na son ganin waliyyinmu.

Namiji ba ya shiga makarantar 'yan mata. Akwai wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa, kusa da na maigadi, inda ake ganawa da iyaye maza bayan an tashi. Larabcin Baba kashi biyu ne, na Alƙur'ani da na titi. Yana iya jan baƙi, yana kuma iya cewa yalla da khalas da faɗa wa mai kanti abin da yake so, amma magana mai tsawo da 'yar ƙasa tana fin ƙarfinsa. Umma kuwa ko gaisuwa da kyar take haɗawa. Ni aka ce in raka shi. Ƙanwata ta bi motar makaranta ta koma gida.

Ya ari motar wani abokinsa, ya sa farar kaftaninsa ta Juma'a da hula. Muka zauna a kan kujerun roba, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a cikin wani bokiti. Shugabar ta shigo da baƙar abaya, ta gaishe shi da mutunci, ta sa aka kawo gahawa. Baba ya karɓa ya riƙe, bai sha ba.

Ta fara magana tana dubansa, ni kuma ina juyawa zuwa Hausa. Ta ce dokar ba tata ba ce. Makarantar ta 'yan ƙasa ce da 'ya'yan ma'aikatan gwamnati, shi kuma yanzu ma'aikacin kamfani ne. Ta ce akwai 'ya'yan 'yan ƙasa da yawa da ke jiran gurbi, iyayensu na kiran ta kullum.

"Gaya mata aikin bai canza ba," in ji Baba. "Motar ce dai, titin ne dai, itatuwan ne dai."

Na gaya mata. Ta gyaɗa kai ta ce ta sani.

"Tambaye ta ko ana biya. In ana biya zan nemo."

Ta ce ba maganar biya ba ce, maganar kujera ce. Sannan ta ce akwai wata ƙofa guda. An ba ta dama ta nemi alfarma ga ɗaliba mai hazaƙa ta musamman, amma ba za a saurare ta ba in ta kai suna biyu daga gida ɗaya. Ɗaya za ta iya riƙewa.

Wannan kalmar ba sai na fassara ba. Baba ya ji ta.

"Ɗaya," ya ce da Hausa. "Ci gaba. Me ta ce bayan nan?"

Shugabar ta ci gaba. Ta ce babbar tana da ƙoƙari da ladabi, malamai na yabon ta. Ƙaramar kuwa, malamar lissafi ta ce ba ta taɓa koyar da irinta ba. Kuma babbar saura mata shekara ɗaya ta gama wannan mataki, bayan nan babu wanda zai yi mata alkawarin babbar sakandare. Ƙaramar tana da shekara biyu a gaba.

Na buɗe baki zan fassara. Larabcin ya shiga kunnena sarai, Hausar ce ta ƙi fitowa. Baba ya juyo gaba ɗaya yana kallona, kofin gahawar na hannunsa.

"Ta ce ina da ƙoƙari," na ce. "Ta ce ƙanwata ta fi ni."

Na faɗi sauran kamar yadda ta faɗa, ban rage ba. A lokacin ne shugabar ta kalle ni sosai, kamar sai yanzu ta tuna cewa wadda take magana a kanta ita ce ke zaune a gabanta. Ta sassauta murya ta ce mini, "'Yata, da na so a ce ba ke ce za ki isar da wannan ba."

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ba kome. Da ni take."

Ya ajiye kofin a ƙasa kusa da ƙafarsa. "Tambaye ta, in 'ya'yanta ne, wacce za ta bari a makarantar?"

Na so in ce masa kada ya sa ni. Amma ban taɓa yi wa Baba musu a gaban baƙo ba. Na tambaya. Ta ce ƙaramar. Na juya masa zuwa Hausa. Ta ƙara da cewa ya je ya yi shawara, ya ba ta amsa bayan jarrabawar ƙarshen shekara, domin da sakamakon za ta nemi alfarmar.

Da muka fito bai kama hanyar Mansura ba. A lokacin ko'ina a Doha tono ake yi, titi a rufe nan, a karkatar da shi can, motoci sun yi cirko-cirko cikin rana. Ya yi ta bin kwana har muka miƙe hanyar garin Wakra. Ya tsaya a bakin ruwa inda jiragen masunta ke ɗaure, ya kashe mota, ya sauke gilashi. Warin kifi da gishiri ya cika motar. Na ɗauka zai yi mini nasiha ne, ko ya ba ni haƙuri. Bai yi ba. Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari yana kallon wasu Indiyawa suna gyaran raga.

"Ban yanke kome ba," ya ce daga ƙarshe.

"To, Baba."

"Maganar wacce ta fi wacce, kada ki kai ta gida. Ni zan gaya wa uwarku."

Amma gidan da katako ya raba ba ya riƙe magana. Bayan la'asar suka shige ɗaki, mu kuma muna falo da littattafai a gabanmu, ba wadda ke juya shafi. Muryar Umma ce ta fi fitowa.

"Malam, babba ce. Ita ta fara shan wahalar Larabcin nan, ita ta riƙa jan 'yar'uwarta. Yanzu a ce ta tashi ta ba ƙaramar wuri?"

"Shekara ɗaya za ta yi su sallame ta."

"Shekara ɗayar ma wani abu ne. Kafin nan Allah na iya kawo wani aikin."

"In bai kawo ba fa? Mu rasa biyun?"

"To a cire su duka. Ban haifi 'ya'ya don a auna mini su a sikeli ba."

Ƙanwata ta ɗago ta kalle ni. "Yaya, me matar ta ce?"

"Karanta littafinki."

Kwanakin da suka biyo baya Baba ya riƙa ɗaukar mu ni da Umma muna zagaya makarantu in ya tashi aiki. A ta Indiyawa muka tarar da layin iyaye har waje, aka ce babu gurbi, kuma ko da akwai sai na koma baya da aji. A ta 'yan Pakistan yaren da ake yi a farfajiya ma ban san shi ba. Wata ta Turawa ko ƙofarta ba mu shiga ba, Baba ya rage gudu ya kalli ginin ya wuce. Sai wata ƙarama da wasu 'yan Sudan suka buɗe a wani tsohon gida wajen unguwar Asmakh, 'yan mata na zuwa da rana bayan maza sun tashi. Duk inda muka je ni ce mai tambaya, ni ce mai fassara amsa. Ba wanda ya ce don ni ake zagayen, amma ba a taɓa tafiya da ƙanwata ba. Akwai kuma maganar da Hajiya ta riƙa kawowa, cewa a mai da ɗaya gida wurin kaka. Duk lokacin da ta faɗa sai Umma ta fita daga kicin.

Aka fara jarrabawa. A rana ta biyu, ina fitowa daga aji, malamar lissafin ƙanwata ta riƙe mini hannu. 'Yar Masar ce, gajera, mai saurin magana. Ta ja ni bayan matakala.

"Me ke damun 'yar'uwarki? Rabin takardarta fari ne. Tambayoyin da take yi da ka a aji ta bar su ba ta taɓa ba."

Na ce ban sani ba.

"Kin sani," ta ce. "Ki saurare ni. Shugaba da sakamakonta za ta je neman alfarma. Naki mai kyau ne, amma ba zai buɗe wannan ƙofar ba. In ta faɗi ba ke za a ba ba, wata za a kawo daga waje. Saura takarda ta biyu ta lissafi da ta kimiyya. In ta yi su yadda ta saba, zan iya tsaya mata."

Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. A motar makaranta na same ta a kujerar baya ta jingina kai da gilashi. Na zauna kusa da ita na kama hannunta da ƙarfi, na yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa don kada yaran su ji.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa."

"Ni kika yi wa? Sadaka kike ba ni?"

"Yaya, kin fi ni son makarantar. Ni ko'ina aka kai ni zan yi."

"Ba za su ba ni ba. Kin ji? Ko kin bar takardar duka fari ba za su ba ni ba. Malamarki ta gaya mini. Wata za su ɗauko."

Idonta ya cika. Ban tausaya mata ba a lokacin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita tana da abin da za ta iya zubarwa, ni kuwa duk ƙoƙarina bai kai a yi ciniki da shi ba.

"Gobe za ki cika kowane layi," na ce. "In kika bar ko tambaya ɗaya, da bakina zan gaya wa Baba."

Na saki hannunta, shatin yatsuna ya fito a fatarta. A haka muka isa Mansura. Da safe na raka ta har ƙofar ajinsu, na tsaya sai da na ga ta zauna ta ɗauki biro. Ni ma ina da tawa jarrabawar, na shiga a makare.

Sakamako ya fito, ta zo ta ɗaya a kimiyya, lissafin ma bai faɗi ƙasa sosai ba. Baba ya kira mu bayan sallar Juma'a, Umma na zaune a gefe ta juya fuska ga bango. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce ƙaramar za ta zauna, ni kuma ya yi mini rajista a ta 'yan Sudan. Ya kira ni da sunan da yake kirana da shi tun ina jaririya, ya ce, "Kin ji?"

Na ce na ji.

Ranar da zai kai wa shugabar amsa bai ce in raka shi ba. Ya tafi shi kaɗai, ya faɗa mata da Larabcinsa na titi.

Da aka koma karatu sai gidanmu ya zama kamar tasha. Ƙanwata na fita da sassafe, ta dawo da azahar, daidai lokacin da nake sauka in jira tawa motar. A matakala muke haɗuwa, ita da jakarta ni da tawa. Watanni na yi ban ce mata fiye da "matsa" ba. Ta daina kawo farar rigarta gida, a makaranta take barin ta, Umma kuma ta daina tambayar ta abin da aka koya musu in ina wurin. Ajinmu a sabuwar makarantar ɗakin kwana ne a da, har da ƙugiyar labule a bango, gwajin kimiyya kuwa a allo malam yake zana shi. Amma malamai ne na gaske. Akwai wani dattijo mai koyar da nahawu da ya gane ni Bahaushiya ce, ya ce kakarsa ma daga Kano ta taso za ta hajji ta tsaya a Sudan. In na amsa tambaya daidai sai ya ce "madalla", kalmar Hausa ɗaya da ta rage masa.

Aikin gwamnati bai dawo wa Baba ba. Ƙanwata ta yi shekarunta biyu ta gama, babbar sakandare kuma ta ƙi buɗuwa, kamar yadda shugabar ta faɗa tun farko. A lokacin makarantarmu ta cika, ba gurbi. Ita aka mayar Funtuwa wurin kaka, ta shiga makarantar kwana, ni kuwa da aka cire na zauna a Doha har na kammala. Ranar da za ta tafi, ni na ɗaukar mata akwati zuwa ƙasa. A filin jirgi ta rungume Umma, ta durƙusa wa Baba, sannan ta tsaya a gabana ba ta san abin da za ta yi ba. Na gyara mata mayafinta da ya zame, na ce ta riƙe fasfonta da kyau.

Yanzu tana koyar da lissafi a Zariya, 'ya'yanta uku. Muna waya kusan kowane mako, mu yi hirar yara da ciwon ƙafar Umma da tsadar kaya. Sau ɗaya, bayan rasuwar Baba, ta tambaye ni abin da shugabar ta faɗa a ɗakin nan, domin har lokacin ba wanda ya gaya mata dalla-dalla. Na gaya mata duka. Da na gama, sai ta ce ana kiran sallah a wurinsu, za ta kira ni gobe.